Ranar da Na Tarwatsa Kamu da Batir Biyu

A tiren wani mai gwanjo na tsince ta, tsakanin matacciyar cajar waya da wata 'yartsana mai ido ɗaya. Girmanta bai wuce kaset ba. Baƙa ce, da mamurɗai biyar a jere, da wani zirin roba da aka zana wa haƙoran fiyano. Mai kayan ya rantse rediyo ce, tashoshinmu ne kawai ba ta kamawa. Ni kuwa tun daga nesa na gane ta, amma na haɗe rai, na taya kamar mai yi masa alfarma. Sintasaiza ce, kuma analog, irin wadda na daɗe ina kallon Turawa na murɗawa a intanet ina haɗiyar yawu.

Ina isa gida na ɗura mata ƙananan batir biyu, na ɗora yatsa a kan zirin. Ta saki wani siririn kuka mai tsawo, ya hau sama, ya karye, ya gangaro. Kaji suka watse. Uwargida ta fito daga kicin da muciya a hannu.

"Baban yara, lafiya? Wa aka taka?"

"Kiɗa ne," na ce.

Ta dube ni, ta dubi abin, ta tambayi nawa na saya. Na zabge fiye da rabin kuɗin kafin in faɗa, duk da haka sai da ta yi salati.

To, har gobe ina nan a kan bakana, don haka bari in yi bayani. Fiyanon da masu waƙoƙin fim ɗinmu ke aiki da shi, irin Yamahar da ke situdiyoyin Titin Gidan Zoo, cike yake da sautukan da aka riga aka zuba masa: ganga, sarewa, tafi, duk abin da kake so. Ka danna, ya miƙo maka. Ita wannan babu komai a cikinta sai wutar lantarki. Akwai sashen da ke kaɗa wutar sau ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya, kaɗawar nan ita ce sautin. Daga nan sai ya bi ta matata, wadda ke aske masa kaifi ko ta bar shi da shi, in kuma ka matsa mata ta shiga fito da kanta. Sai wani sashe na uku mai kaɗawa a hankali, aikinsa ya riƙa lilo da sautin sama da ƙasa. Iyakarta ke nan. Murya ɗaya take fitarwa a lokaci guda, ba ta san ganga ba, kuma ba ta riƙe komai a ka.

Duk wannan na karanta wa uwargida, har da tarihi. Na ce a 1981 kamfanin Roland na Japan ya fito da wata 'yar akwati, TB-303, don ta riƙa yi wa masu jita rakiya a madadin mai kaɗa bes. Masu jita suka saurara suka ce a kai kasuwa. Zuwa 1984 an daina ƙera ta, ta koma shagunan gwanjo a wulaƙance. Wasu samari a Shikago masu kiran kansu Phuture suka samu ɗaya da arha, suka yi ta murɗa matatarta yadda ransu ya so, a 1987 aka fitar da kiɗansu mai suna Acid Tracks, kuma daga nan wani sabon salo ya tashi har ya cika gidajen rawar Ingila. Yau tsohuwar TB-303 sai mai dubban daloli. Na ƙara mata da David Bowie, wanda ya sa Stylophone, abin da ake bugawa da ɗan tsinken ƙarfe, a waƙarsa Space Oddity ta 1969. Na ma sauko kusa da gida, na kawo Mamman Sani na Yamai, wanda shi kaɗai da ogan ɗinsa na lantarki ya yi kiɗan da rediyo da talabijin na Nijar suka daɗe suna sakawa, har wani kamfanin Amurka ya sake buga kaset ɗinsa na 1978 a 2013.

Ta ce, "Su ma matansu haka suka sha fama?"

Damar wanke kaina ta zo ranar kamun ƙanwarta. Mai fiyanon da aka ɗauka ya bugo waya wai an riƙe shi a wani bikin. Ga mawaƙi ya iso, ga lasifikoki an kafa, janareta na ruri, mata sun cika tsakar gida sun sha ɗaurin ture ka ga tsiya. A daren da ya gabata kuwa na kamo wani sauti mai kauri da zurfi, wanda har a ƙirji ake jin sa. Sai na gyara hula na ce kada kowa ya tayar da hankalinsa.

Abin da ba a faɗa mini ba shi ne autarmu ta wuni da sintasaizar a matsayin motar wasa, ba mamurɗin da ta bari a inda yake.

Mawaƙin ya duƙo ya ce, "Oga, ba ni kiɗa mai ɗan sauri."

"Babu ganga a ciki."

"To ba ni mai sanyi."

"Shi ma babu."

Ya daɗe yana kallon abin da ke tafin hannuna. "To me ke ciki?"

Na ce ya dai fara, zan biyo shi. Ya fara kirarin amarya, na ɗora yatsa. Zirin nan gajere ne, yatsana kuwa na ɗan noma, in na nufi murya ɗaya sai in taka uku. Ga rana ta buga ta, su kuma kayan analog zafi kan sa muryarsu ta zame. Bawan Allah ya hau sama ya same ni, ya tarar na sauka. Ya sauko, na wuce gefe. Ƙawayen amarya suka fara toshe baki da mayafi. Na ce bari in nemo sautina na jiya, na kama mamurɗin nan na lilo na kai shi ƙarshe.

Wiii-wuu, wiii-wuu, ta manyan lasifikoki huɗu.

Samarin da ke karta a ƙofar gida ba su tsaya kwashe kuɗinsu ba. Masu adaidaita sahun da suka tare layi suka fice a guje, ɗaya da fasinja ƙafa ɗaya a waje. Wani abokin ango, wanda har yau ba a san laifin da ya yi ba, ya haura katanga da babbar riga. Wata gwaggo ta ce wannan ba jiniya ba ce, mutanen ɓoye ne, a kawo garwashi. Wani mai dabara ya fizge wayar da ta haɗa ni da amfilifaya. Ita kuwa in aka zare mata waya, sai ta koma kan 'yar lasifikar jikinta. Gida ya yi tsit, sai ita kaɗai a hannuna tana ci gaba da kukanta, ni kuma ina laluben makunni.

Wata yarinya ta zo ta durƙusa. "Yaya, Umma ta ce a gaishe ka da ƙoƙari, wai ka je ka huta."

Tsofaffi suka kifa ƙwarya a ruwa, biki ya tashi kamar ba a yi komai ba.

A bakin layi yaron da ya kawo lasifikokin ya cim mini, yana haki, ya ce don Allah in kawo ta situdiyonsa. A can ne na ga aiki. Bai nemi ta rera waƙa ba. Ya jona ta da kwamfuta, ya ɗauki dogayen muryoyi masu kauri, ya yayyanka, ya daidaita su, ya shimfiɗa a ƙarƙashin kalangu. Sannan ya zura sautin fiyanonsa ta wata 'yar kafa da ke bayanta, ya rufe matatar har kiɗan ya dushe, ya riƙa buɗe ta sannu a hankali, kafin amshi ya shigo tsigar jikina ta tashi. Abin da fiyanonsa mai tsada ke yi a tsabtace, ita ta yi shi da ƙura da ɗumi, kuma a nan daɗin yake.

Ya ce, "Oga, ai wannan daddawa ce. Kai kuma ka zuba wa mutane ita a faranti ka ce bismilla."

Ban tanka ba, don ba a jayayya da yaro. Ya ce in bar masa ita ya ƙarasa aikin. Waƙar ta fito, na ji ta a shagon aski, na ji ta a adaidaita sahu, na ce wa direban wannan rugugin da ke ƙasa nawa ne, ya ce in ba shi canji daidai. Da na ga shiru na aika wa yaron ya dawo mini da kayana. Ya amsa cewa ana kan wani aikin, kuma batir ya ƙare, in taimaka in turo na batir.