Masu Rataye Riga a Mota

A saman ƙofar baya ta yawancin motoci akwai wata 'yar ƙugiya kusa da mariƙin hannu. Masu ƙera mota sun tanade ta ne don kwat ɗin Bature mara nauyi. Ba su san wata rana za ta yi arba da babbar riga ba.

Sarkin masu ratayar shi ne Alhajin ɗaurin aure. Rigarsa gezna ce, irin wadda kamfanin Getzner na ƙasar Ostiriya ke saƙawa, ta sha aiki a wuya, masu bugu sun lallasa ta har tana ɗaukar ido. Shi kuwa daga shi sai 'yar ciki yake tuƙi. Da yake ƙugiyar ba za ta iya da ita ba, sai ya rataya wuyan, ya naɗe hannuwan, ya shimfiɗa sauran a kan kujera. Riga ta ci mazaunin mutum biyu, ƙannensa uku kuma sun cure a gefe guda kamar buhunan gero. Ba a sauke gilashi saboda ƙura, na'urar sanyaya mota kuwa ta mutu tun bara. In mota ta faɗa rami, ba ya tambayar wanda kansa ya bugi rufi, sai dai ya leƙa madubi ya ce, "Kai yaro, matsa, kada ka jingina mini da riga!" Ana saura kaɗan a isa sai ya ratse bayan gidan mai, ya zura ta a hankali, ya daidaita kafaɗa, ya fesa turare. Kafin ya ƙarasa ƙofar masallaci an shafa fatiha, ana rabon goro.

Lauya da ma'aikacin banki ba su da matsala. Kwat ɗaya ce a cikin ledar mai wanki, tana lilo a baya don a san ko su wane ne.

Akwai mai jera huluna a gaban mota, zanna da kube, har rana ta cinye launin gefe guda. Akwai Hajiyar da aka ɗaura wa gwaggwaro tun safe, ta cire shi ta rungume a cinya kamar jaririn kwana bakwai. Mai wannan rubutu ba zai matsa musu ba, don akwai wani kaftani da ya rataya tun sallar layya, har yanzu yana can yana jiran ranar shiga gida.

A motar haya kuma akwai fasinjan Sharon da ke maƙala rigarsa daidai fuskar maƙwabcinsa. Daga Kano zuwa Kaduna, fiye da kilomita 200, bawan Allah ba ya ganin komai sai shadda, ba ya shaƙar komai sai sitaci.

Wanda ba a yi wa dariya shi ne mai kanti. Wannan ya gitta sanda daga wannan mariƙi zuwa wancan, ya jera kaya kala goma, ya toshe madubin tsakiya da tagogin baya. Shi ne zai karkato kan ɗan acaɓa a titin Zariya, sannan ya leƙo yana rantsuwa bai gan shi ba. Gaskiya ya faɗa, ai shi ya rufe wa kansa ido. Ga kuma hangar ƙarfe da ta katako da yake lodawa, alhali littafin da ke zuwa da motoci masu jakar iska ta gefe ya hana maƙala abu mai tauri a ƙugiyar nan, domin in jakar ta buɗe a haɗari, hangar ce za ta yi tsalle ta sami na zaune.

Malam mai kanti, a naɗe kayan nan a sa a but, in an isa a nemi mai guga.