Madalla da Shokozobar Hartford, Uwar Adalci

Masu cewa motocin farkon ƙarni na 20 sun gallaza wa fasinja ba su kyauta wa Truffault Bafaranshe da Edward Hartford Ba'amurke ba. Waɗannan bayin Allah su suka bai wa duniya shokozoba mai aiki da gogayya: hannuwan ƙarfe biyu kamar almakashi, ɗaya a jikin shasi, ɗaya a ƙarfen da ke riƙe da taya, a mahaɗarsu kuma faya-fayan katako da ƙarfe an matse da noti. Shi ke nan aiki ya ƙare.

Babban abin yabonta shi ne ba ta nuna bambanci. Ƙarfin riƙonta ɗaya ne ga tsakuwa da ga rami, ko mota na rarrafe ko tana sheƙa gudu. In taya ta taka ɗan dutse, faya-fayan sai su ƙi motsi, sifirin ya sandare, girgizar ta isa ƙashin bayan fasinja cif, ba a ci amanar ko ƙwayarta ba. In kuwa an afka babban rami faya-fayan suka zame, sai ta kama girmanta, ba ta ƙara riƙo, ta bar mota ta yi ta tsalle har ta gaji don kanta.

Ga mutunta 'yancin direba. Ya matse noti haƙora su kaɗa, ya sassauta hanji ya kaɗa, zaɓi nasa ne. Don kada ya yi zaman banza, katakon kan cinye, ruwan sama da taɓo su canza masa hali, gobe a sake ɗauko sifana. Motocin Bentley da Bugatti na shekarun 1920 sun more wannan gata. Har aka ƙirƙiro Telecontrol, domin mutum ya zaɓi kalar azabarsa daga kan kujera ba sai ya sauko ba.

Sai Maurice Houdaille ya zo ya ɓata tarbiyya da shokozobar mai, wadda riƙonta ke ƙaruwa gwargwadon saurin bugu. Ford ya sa ta a motarsa Model A a 1927, jama'a suka sangarce. Yau mutum sai ya yi tafiyar yini guda ya sauka bai san hanyar da ya biyo ba. Fasinjan Hartford kuwa, ƙugunsa kan lissafo masa ramukan ɗaya bayan ɗaya har mako ya zagayo.