Jagoran Baƙo a Tsakiyar Mararraba

Mararraba, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa, gari ne da Abuja ke ajiye ma'aikatanta da daddare ta kwashe su da asuba, kuma abin da ake kira tsakiyar garin ba komai ba ne illa titin Abuja zuwa Keffi da shagunan da suka jeru a gefensa biyu. An ɗauka cewa mai karatu ya riga ya sha cunkoson Kugbo da Nyanya, saboda haka ba za a tsaya yi masa jaje ba.

Shawara ta farko ita ce baƙo ya daina tunanin ɓangaren da zai sauka, domin abin da ya zo saye yana tsallaken titi ko ta ina ya sauka. Akwai gadar masu tafiya a ƙasa, amma masu kasa kaya sun riga shi hawa.

Ta biyu ta shafi filaza, wato benen da aka yayyanka shi shago-shago, inda mai gyaran waya ke maƙwabtaka da mai gashin kanti, kowa da janaretonsa a bakin ƙofa. A nan ya wajaba a yi bayanin lasifika. Mai sayar da waƙoƙi yana da ita, masu wa'azi suna da ita, sai kuma mai maganin gargajiya, wanda ya ɗora tasa a kan mota yana lissafa alamomin basir da na sanyi dalla-dalla, da muryar da aka naɗa tun tuni, ba tare da la'akari da cewa wani na tafe da surukinsa ba. Marubucin wannan jagora ya yi cinikin caja a ƙarƙashinta da yatsu kamar kurma, ya biya kuɗin da bai ji an faɗa ba, cajar kuwa ta mutu kafin magariba. Wannan ba kasuwanci ba ne, cin zali ne, kuma babu mai cewa uffan, don ko an ce ba za a ji ba!

Dangane da 'yan acaɓa, waɗanda aka hana su aiki a tsakiyar Abuja tun 2006, shawarar ita ce addu'a.

Ta huɗu, ko ta biyar, ta shafi Kasuwar Lemo, inda tumatir da albasa da doya suka yi wa lemon rinjaye, kuma wanda ya shige ta da farin yadi a damina shi ya so. Mai POS da ke ƙarƙashin laima zai ce babu netwok bayan an riga an zare kuɗin, lamarin da ba shi da magani a wannan jagora.

Mai niyyar komawa Abuja ya kama hanya kafin la'asar, domin da yamma motocin da ke dawowa sukan cika hannunsu su malalo cikin nasa.