Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Tsohon Babur ɗin da ke Garejina

Zuwa ga Dattijo Honda CD175,
Kusurwar gabas ta gareji, daura da turmin da aka daina daka da shi,
Kano.

Ranka ya daɗe,

SANARWAR KAMMALA AIKI

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da na gaba, da fatan ka kwana lafiya. Na rubuto ne in sanar da kai a hukumance cewa aikin da ake yi a kanka ya ƙare. An ɗaure noti na ƙarshe, an zuba baƙin mai, an rufe littafin kashe kuɗi. Daga yau duk wani ƙorafi da za ka kawo, ko ɗigon mai ne, ko tari da sassafe, ko wata 'yar ƙara daga ƙarƙashin tanki, babu mai sauraronsa. Na zaɓi takarda ne saboda na lura duk ranar da na faɗa maka da baki cewa mun gama, washegari sai ka tashi da sabuwar cuta.

Ka girme ni, ban musa ba. Kamfanin da Soichiro Honda ya kafa a 1948 ya ƙera irinku daga 1967 zuwa 1979, kuma don mai zuwa aiki aka yi ku: silinda biyu, cc 174, kafireta ɗaya, giya huɗu, ga sarƙa a rufe ruf cikin kwanonta don kada ta ɓata wa mutum ƙafar wando. Tsofaffin unguwa sun rantse kai ɗan Udoji ne, cikin baburan da aka saya a 1975, lokacin da gwamnatin Gowon ta biya ma'aikata ƙarin albashi haɗe da ariyas, malaman makaranta da akawuna suka jingine kekunansu suka hau mai inji. In haka ne, ka ga zamani. Ka ga zuwan Jincheng, ka ga zuwan Bajaj, ka ga A-daidaita-sahu ta cika titi, kai kana jingine a gindin darbejiya, kaza tana ƙwai a inda batirinka yake a da. Ranar da na same ka, 'yan gwangwan sun riga sun taya ka, kuma a kilo suka taya. Ba gori nake maka ba. Ina so ne ya shiga rubuce.

Bari mu fara da kusoshin murfin injinka, domin a nan na san irin hannayen da ka ratsa. Kusoshin Japan na wancan zamani kansu mai gicciye ne, sun yi kama da na Phillips amma ba su ba ne, nasu ma'aunin daban, JIS ake ce masa. In ka sa musu sukudireban da ba nasu ba, sai ya zame ya cinye gicciyen. To, duk bakaniken da ya taɓa ka cikin shekarun nan sai da ya ci nasa rabon, wanda ya zo daga baya ya tarar babu abin kamawa ya ɗauko cizal da guduma. Na tarar da kusa guda da aka sara mata baki ta gabas, aka sara ta yamma, ƙarshe wani bawan Allah ya haƙura ya shafe ta da fenti. Sai da na jiƙa su da mai, na sa sukudireban da ake doka wa guduma, suka riƙa sakin jiki ɗaya bayan ɗaya, kowace da 'yar ƙararta. Can ciki kuma na iske matatar manka, ɗan kofin nan da ke juyawa tare da inji yana wurga datti jikin bangonsa. Da alama tun da ka baro Japan babu wanda ya leƙa shi. Dattin ya daskare, sai da cokali na kankare shi, kuma maganar cokalin nan har yau ba ta mutu ba a cikin gida.

Tankinka kuwa yara ne suka yi aikinsa. Muka zuba tsakuwa da kananzir, suka yi ta girgiza shi suna zagaya tsakar gida, ana juye jan ruwa ana sakewa har tsatsa ta ƙare. Sun karɓi ladansu da alewa, kuma sun ce in gaya maka suna bin ka yawo ɗaya-ɗaya.

Kayan gyaranka na neme su daga Ƙofar Ruwa har Panteka ta Kaduna. Matasan 'yan kasuwa in na ambaci sunanka sai su ce, "Alhaji, wannan ai sai Gidan Makama." Tsofaffin ne kawai idonsu ke haske. Wani dattijo ya sa aka ɗaga tulin ƙarafa, ya zaro murfin gefenka na dama, ya goge shi da hannun rigarsa, sannan ya ƙi sayar mini sai da na zauna ya ba ni labarin nasa, wanda ya ce ya taɓa hawa har Damagaram. Kuɗin murfin bai kai kuɗin shayin da muka sha ba.

Yanzu ga maganar da na san tana cin ka, wadda nake zargin ita ce dalilin wannan ɗigon man na gangan: kamannin da na sauya maka.

E, na cire kariyar baya. Na cire doguwar kujerar nan mai ɗaukar mutum uku da ɗan akuya, na sa gajeriya mai ƙusumbi a baya, wadda wani mai ɗinkin kujerun mota ya lulluɓe da jar fata. Na rage madigadi, na sauke hannu ƙasa, na cire kwanon sarƙa, na yi wa tanki baƙin fenti da siririn layi ruwan gwal. Wannan salo ba ni na ƙirƙiro shi ba. Samarin Ingila ne na shekarun 1950 da 1960, masu taruwa a shagon shayin Ace Cafe da ke kan titin North Circular a Landan. Sukan kwashe duk abin da ke ƙara wa babur nauyi, su kwanta a kan tanki, burinsu su kai mil 100 a awa, wato kilomita 160. Masu hali a cikinsu har injin Triumph suke ɗorawa a kan ƙashin Norton, su kira abin Triton. Kai dai ka kwantar da hankalinka, ba za ka kai 160 ba ko da daga saman Dala aka gangaro da kai, ni ma ban nema ba. Shigar kawai muka ara.

Na san abin da majalisar ƙofar gida ta ce, domin a gabanka aka faɗa. Malam maƙwabcina ya zagaya ka sau biyu, hannu a baya, ya ce, "To, ina uwargida za ta zauna?" Wani ya ce ina za a ɗaura buhun gero. Wani ya tambaya ko kuɗi ne suka ƙare kafin a gama kujerar. Na ce musu tun watan Janairun 2013 aka hana acaba a cikin birnin nan, saboda haka kai babur ne mai bin doka tun daga ƙirarsa. Ba su yi dariya ba. A wajensu babur abin ɗaukar iyali ne da kaya, wanda bai ɗauki kowa ba sai mai shi, rowa ce aka yi wa fenti. Kuma akwai inda suka fi ni gaskiya: hannun nan na ƙasa bai san babbar riga ba. In ka sunkuya iska ta shiga ta wuya ta kumbura ka, hula kuma ta kama gabanta. Mutanen Ace Cafe ba su yi lissafin mai zuwa ɗaurin aure ba.

Amma ka dubi abin da ban yi maka ba. Masu wannan salo da yawa sukan sa zarto su yanke bayan ƙashin babur, daga nan kuma babu komowa. Ni ban yanke maka ƙashi ko ɗaya ba. Duk abin da na cire da sifana na cire shi, yana nan cikin kwali a saman rufi, an shafe shi da mai, har da farantan tankinka masu ƙyalli da robar da ake jingina gwiwa. Wanda ya gaje ka in ya so ya mayar da kai malamin makaranta, yini ɗaya ya ishe shi. A ganina iyakar ikon mai gyara ke nan a kan abin da ya girme shi, kuma ina jin haushin masu yanka tsohon babur mai lafiya don kawai su ɗauki hoto su sa a Instagram.

Abu ɗaya na sauya a cikin jikinka, shi ne wuta. Da volt 6 aka haife ka, fitilarka ta dare kamar aci-balbal, mai tahowa yana ganinka amma kai ba ka ganin rami. Na mayar da kai 12, na sake kwayil da ƙwayaye da abin daidaita caji, na zare tsofaffin wayoyin da aka yi wa ɗauri da leda da zare, na ja sababbi. Kwantak kuwa na bar maka abinka, ko da yake an yi ta ba ni shawarar in sa na zamani. Ina son zaman nan da ake yi a durƙushe, a buɗe ɗan murfin hagu, a juya inji a hankali har alamar F ta zo daidai da tsagar, a ga bakin kwantak ya fara rabuwa daidai lokacin. Bawul ɗinka ma na ba su tazararsu, milimita 0.05, inji na sanyi, yadda masu ƙera ka suka ce. Saboda haka ba ka da hujja. Akwai mai, akwai wuta, akwai iska.

Ga abin da nake nema. Ranar Asabar bayan la'asar zan fito da kai ƙofar gida, majalisa a cike. Zan buɗe mai, in ja cok, in buga kiki. Ina so ka tashi kafin gumi ya keto mini, kafin Malam ya ce, "A kawo yara su tura." A cikin gareji, daga ni sai kai, kana tashi da bugu ɗaya kana kaɗa murya abin sha'awa, fistin biyu suna hawa tare suna sauka tare, na lura sai an sami 'yan kallo kake tuna shekarunka. Wannan hali ka bar shi. Kada ka mutu a danja. Kada ka yi harbin nan na salansa kusa da masallaci. In mun haɗu da masu duba takardu ka tsaya cik ka yi shiru, fatikularka a cike take, hular kwano kuma tana kaina, kada ka zaɓi wannan lokacin ka zubar da mai a takalmin jami'i.

Akwai gwangwanin madara a kan benci mai ɗauke da 'yan washa da notuna da suka rage bayan an gama haɗa ka. Na bincika, na kuma tabbata na tsofaffin kayan da aka cire ne. In kana da wani bayani saɓanin haka, ka yi shi yanzu muna gida, ba sai mun kai Kwanar Dangora ba.

Daga ƙarshe, uwargida ta ce in isar maka da saƙo. Ta ce da aka shigo da kai an ce mata kafin azumi za ka fita, ba a dai faɗi wane azumin ba. Kaka ta yi, buhunan masara suna hanya daga ƙauye, kuma wurinsu kake tsaye. Ta ba mu zuwa ƙarshen wata. Ta kuma ce a dawo mata da roba biyu, da tiren da aka jera bawul a kai, da cokalin nan; tsohon buroshin haƙori kam ba ta damu da shi ba. Na nema maka wuri a zaure, akwai inuwa, sai dai almajirai za su riƙa zama a kanka. Ka yi haƙuri da su.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Mai gareji, zuwa ƙarshen wata.