Wasiƙa Zuwa Ga Gwaggo Tirela, Mai Zaman Dirshan a Bayan Gidanmu

Zuwa ga Gwaggo Tirela,
Gindin darbejiya, bayan ɗakin maigadi,
Nassarawa GRA, Kano.

Gwaggo, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin tashi lafiya, ko da yake rabonki da tashi har an manta. Ya ƙura? Ya ɗawainiyar jemagu?

Za ki yi mamakin samun takarda daga mutumin da ke wuce ki sau biyar a rana in zai je masallaci. Ranar Asabar na gwada yi miki magana baki da baki, ina riƙe da bokiti da soso, sai maƙwabcinmu ya leƙo daga saman benensa ya tarar da ni ina yi wa ɗakin ƙarfe faɗa. Tun ranar in ya gaishe ni sai ya ƙara da "Allah ya sawwaƙe". Shi ya sa na koma ga biro.

Kin san Hajiya ce ta laƙaba miki kishiya tun ranar da marigayi Baba ya jawo ki da Peugeot 504 ɗinsa, yana ta washe baki kamar wanda ya dawo daga ɗaurin aure. Mu yara aka ce mu ce Gwaggo. Sunan Tirela kuwa 'yan unguwa suka sa miki don shaƙiyanci, domin a Kano in an ce tirela, ana nufin ƙatuwar nan mai dakon siminti a titin Zariya, ke kuwa tayoyinki biyu rak, cikinki gado ne da murhu da firji da wani ɗan masai da ba ya ɗaukar mai ƙiba. Sai da na girma na gano cewa sunan da Turawa ke kiranki da shi, karaban, asalinsa kalmar Farisa ce mai nufin ayari. Ayari fa, Gwaggo! A garin da fatake suka taka ƙasa har Gwanja neman goro, Buzaye kuma suka riƙa sauke gishirin Bilma daga bayan raƙuma. An ce kakarku ta farko da aka ƙera don yawon shaƙatawa a Ingila, a 1885, dawakai ke jan ta, kuma ta yi tafiya ta gaske. Ke kam da kin shiga ayari, da madugu ya bar ki tun a zangon farko.

Baba ya sha gaya wa baƙi cewa kin ƙetaro hamada ta Tamanrasset da Agadas, irin Turawan nan da a dā suke sauka da motocinsu buɗu-buɗu a sansanin 'yan yawon buɗe ido na titin Bompai. Ban taɓa ƙaryata shi ba, Allah ya jiƙansa. Amma bara da nake ɗaga katifa na ga takardar jirgin ruwa liƙe a ƙasan gado, an rubuta Apapa ɓaro-ɓaro. Wani Bature injiniya ne ya zo da ke a zamanin Audu Bako, lokacin da ake ta gina madatsun ruwa har aka kammala ta Tiga a 1974, da zai koma gida ya sakar wa Baba ke a kan kuɗin da Hajiya ta ce da ya sayi fili a Hotoro. Tafiyarki ɗaya da mu: wata ƙaramar salla aka nufi Bagauda, ba mu kai Kura ba tayarki ta fashe, muka ci dambun naman a bakin titi muka juyo. Daga nan kika kafa turke.

Sirrinki yana nan a rufe. Hasali ma, in ke ba ki je hamada ba, ai hamada tana zuwa gaishe ki duk shekara. Ƙurar hunturun nan da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, daga Disamba zuwa Fabrairu, ba ta da masauki sai a kanki. A nan na fara koyon darasi, kuma da tagoginki na biya kuɗin makaranta. Na ɗauka gilashi ne, ashe wata roba ce mai garai-garai. Na sa busasshen tsumma na goge, ƙurar nan kuwa yashi ne mai laushi, sai ta zana miki zane kamar na Gobirawa. Da na ga ta yi hazo, wani mai ba da shawara kyauta ya ce in shafa fetur. Na shafa. Yanzu tagar gabas ta yi tsattsage ƙanana-ƙanana, in rana ta fito sai ka ce gizo-gizo ya yi saƙa. Sauran tagogin sun tsira ne don na koyi zuba ruwa da yawa tukuna ya tafi da ƙurar, sannan sabulu marar kaifi da tsumma mai laushi, a hankali kamar wankan jego.

Wankan jikinki ma haka. Fatarki alminiyam ce siririya, ba ta shiri da sodar da ake haɗa sabulu da ita, ba ta shiri da bilic, ba ta shiri da soson ƙarfe. Mai aikinmu ta taɓa ganin kashin jemagu da ruwan 'ya'yan darbejiya sun yi miki baƙin zubi, ta ɗauka gindin tukunya ne, ta dirje ki da toka da soson waya. Wurin yana nan har gobe, ya yi fari fat kamar kyasfi. Yanzu da sassafe nake miki wanka ko bayan la'asar, domin in rana ta buɗe a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, kumfa kan bushe a jikinki kafin in ɗebo ruwan ɗauraya, ruwan bohol kuma ya bar tabo. Daga sama nake farawa in gangaro, ina kan tsani da doguwar tsintsiyar buroshi, ba na taka rufinki. Ɗan ƙanwata ya taɓa hawa don ya tsinko mangwaro, ya bar miki loɓawa a tsakiyar ka, wadda duk damina take zama tafkin sauro.

Amma babban laifina a gare ki, wanda nake neman afuwa a kansa, shi ne yaron wankin motar da na ɗauko da injin feshinsa. Cikin minti goma kika yi fes, har maigadi ya yi tafi. Ashe ƙarfin ruwan ya bi duk gaɓoɓinki ya ture danƙon da ke liƙe da su, danƙon da rana ta riga ta busar shekara da shekaru. A ƙarƙashin alminiyam ɗinki kuwa ƙashinki katako ne. Ruwan Agusta ya samu ƙofa. Ban ankara ba sai da na shiga na ji warin danshi, na danna bango kusa da taga ya nutse kamar gurasa. Da kafinta ya ɓalle falankin, abin da ya ce kawai shi ne, "Alhaji, wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa." Ya cire ruɓaɓɓen, ya sa sabon katako, bai sha magani ba. Wata uku tsakani gara ta hau ta ƙafafunki ta kama aiki. Ni da nake jin ana cewa an yi gudun gara an faɗa gidan zago, ban san ana iya samun duka biyun a gida ɗaya ba. Yanzu duk ƙarshen bazara, kafin hadarin farko ya haɗu, sai na bi ki gaɓa-gaɓa ina kankare tsohon danƙo ina sa sabo. 'Ya'yana ma ban bi musu katin riga-kafi da wannan naci ba.

Sai maganar baƙinki. Gwaggo, ke mace ce mai karamci, amma karamcin ya yi yawa. Zanzaro ya yi gini a bututun firji. Rina ta kafa gida a akwatin tukunyar gas. Tsaka da ƙadangare kuwa ba a maganarsu, su 'yan gida ne. Waɗanda ba zan lamunta ba su ne ɓeraye. Da na buɗe durowar cokula na ga kashinsu tuli, na kai hannu ga tsintsiya ke nan 'yata da ke karatun jinya ta ƙwace ta. Ta ce zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga mutum, kuma share shi a bushe daidai yake da tayar da shi ka shaƙa. Ta sa na buɗe duk tagogi, na ɗaura takunkumi, na sa safar hannu ta roba, na jiƙa wurin da bilic kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara, aka bar shi ya jima, sannan na kwashe da tsumma na ƙulle a leda. Na fito kamar likitan tiyata. Maƙwabcin nan kuma yana saman bene.

Kashegari na ce bari in nuna mata ni ma na waye. Na shiga ɗan masanki, na zuba ruwan wankin masai mai asid, na ga bai yi mini ba, na bi shi da bilic don lada ya ninku. Wani hayaƙi ya tashi, idona ya kama raɗaɗi, maƙogwarona ya shaƙe, na fito da baya ina tari har hulata ta faɗa bokiti. Ashe haɗa waɗannan biyun iskar kulorin yake fitarwa, irin wadda aka yi yaƙi da ita a Turai a 1915. A ɗakin da bai fi akurkin kaji ba! Da ƙofar ta maƙale yadda ta saba, da yanzu wasiƙar nan wani ke rubuta ta, kuma ba ta raha ba ce.

Tunda mun zo kan abin da ke kisa, bari in faɗa miki dalilin da ya sa na zare tsummokaran da Baba ya cusa a ramukan daɓenki. Na san kin ji sanyi. Shi ya toshe su ne don ɓera, amma waɗanda suka ƙera ki da gangan suka bar su: gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, ta nan zai zurare waje. Na sa musu ragar waya, iska ta wuce, ɓera ya tsaya. Tiyon gas ɗin ma na canja shi, don ya bushe ya tsage kamar kaushin diddige, kuma da ruwan omo na gwada mahaɗinsa in ga ko zai yi kumfa. Maigadi ya miƙo mini ashana wai ta fi sauri. Shi ne dai mutumin da na kama a tsakiyar hunturu ya shige cikinki da kaskon gawayi ya rufe ƙofa da tagogi zai kwana. Hayaƙin gawayi da na janareta akwai wata iska a cikinsu da ba ta wari ba ta launi, barci kawai take sa mutum, wanda ba a tashi. Na saya masa bargo, na karɓe makulli.

Firjinki kuwa, irin tsohon nan mai aiki da ɗan harshen wuta kamar na kananzir, makanikai uku suka ce ya mutu. Ashe ke ce kika karkace, shi kuma irinsa ba ya sanyi sai yana tsaye daram. Da aka sa jak aka daidaita ki, sai ga ƙanƙara. Na zauna na sha ruwan sanyi a cikinki, ban gaya wa kowa ba, amma na ɗan ji abin da Baba ya gani a gare ki.

To ga dalilin wasiƙar. Nassarawar da kika sani ta tafi. Gidajen nan masu fili kamar gona, da Turawa suka yanka bayan sun ci Kano a 1903, ana ta rushe su ɗaya bayan ɗaya, inda dā gida ɗaya ne da mangwaro goma yanzu benaye shida ne da shaguna. Mu ma magada mun zauna, an raba, kuma inda kike zaune ya faɗo a kason da za a sayar. Ke ce kaɗai malamin rabon gado ya duba ya ce mu sasanta a tsakaninmu. 'Yan gwangwan sun zo sun ƙwanƙwasa ki suna lissafin kilo, za su kai ki Ƙofar Ruwa gunduwa-gunduwa. Mai POS ya taya. Mai shayi ya taya. Wani ɗan siyasa ya turo a tambaya ko za a iya liƙa hotonsa a jikinki. Hajiya, wadda ta shekara kusan hamsin tana miki habaici, ita ce ta ce ba a sayar da matar uba. Za a kai ki gonarmu.

Saboda haka na kira mai faci. Ya duba tayoyinki, zanensu bai ko goge ba, na ce ai sababbi ne. Ya yi dariya ya ce ganin kitse nake wa rogo: taya tana tsufa ko ba ta taka ƙasa ba, rana da zama wuri ɗaya su ke cin ta. Ya nuna mini lambar da ke gefe. Duk tayar da aka yi daga shekarar 2000 lamba huɗu gare ta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Naki uku ne. An sa sababbi, an wanke boris an cika shi da giris, mai walda ya duba ƙugiyar da za a ja ki da ita, an gyara fitilun baya don kada jami'an kiyaye haɗurra su tare mu tun a titin Ahmadu Bello. Ba a fafe gora ranar tafiya, na sani, shi ya sa na fara tun wata biyu.

Jiya da yamma, don kawai in kwantar da hankalina, na ɗauko tef na auna faɗinki, na je na auna ƙofar gida. Kin tuna shekarar da ɓarayi suka addabi unguwa, Baba ya ɗaga katanga ya sake get? Ya rage masa faɗi. Kin fi shi da taƙi ɗaya da yatsa biyu.

Birkila zai zo ranar Asabar ya fasa ginshiƙin hagu, ya ce kuɗin aiki dabam, na mayarwa dabam. Abin da nake roƙo, Gwaggo, in mun fita ki daure ki wuce Kura.

Naki mai biyayya,
Ɗan mijinki na fari, mai bokiti.