Yadda Ake Sa wa Akori-Kura Ogzilari Ba Tare da An Sayar da Gona Ba

Ba zan ɓata maka lokaci wajen bayyana abin da ya sa mutum zai so motarsa ta riƙa ja da ƙafa huɗu ba. In kana da akori-kura, kana kuma da gona a bayan fadama, watan Agusta ya riga ya yi maka wannan bayani a gaban samarin ƙauye da suka harɗe hannu suna jiran ka gaji da taka totur a fara cinikin turi. Tawa Hilux ce mai ja da ƙafafun baya kaɗai. Tun ƙarshen damina take ɗore a kan kututture a wani gareji da ba zan faɗi sunansa ba, don har yanzu makullina yana hannunsu. Ga abin da na koya, kyauta, tunda ni na riga na biya.

Na ɗaya, ka nemi bakaniken da zai ce maka a'a. Ba za ka same shi ba, amma dai ka nema. Duk wanda ka kai wa zai durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar, ya shuri taya, ya miƙe yana karkaɗe gwiwa ya ce, "Alhaji, ai ƙaramin aiki ne. Ogzilari kawai za mu ɗaura mata, kafin Juma'a ta zagayo ka zo ka ɗauka." Ranar ba da kafin alƙalami kai Alhaji ne. In aka yi nisa za ka koma Malam. Ni yanzu "mai Hilux ɗin nan" ake ce mini, a gabana kuwa.

Ogzilarin akwati ne da ake ɗaurawa a bayan giyabos, shi yake raba ƙarfin inji gida biyu, gaba da baya. Sai dai wutsiyar giyabos ɗinka ba a yi ta don ta karɓe shi ba, saboda haka sai an nemo giyabos na mai ƙafa huɗu. Da an ɗaura su, farfelar baya ta yi tsawo, sai a yanke ta ko a sayo gajera. Sai farfela ta biyu da za ta nufi gaba. Ita kuma ba iska za ta juya ba, tana buƙatar aksul na gaba, shi kuma yana buƙatar shaf biyu, dama da hagu, su kuma suna buƙatar hob mai ramin da za su shiga, ga ƙarfen gicciye da ke tallafe giyabos shi ma ya tashi daga mazauninsa. Allura ta tono garma, garmar kuma da kuɗinka za a ɗauke ta.

Na biyu, tun kafin kowa ya kwance ko noti ɗaya, je ka ƙirga notin tayarka. Yawancin Hilux gajeru masu ja da baya noti biyar gare su, masu ƙafa huɗu kuwa shida. In ka ga shida a taka, kuma doguwa ce irin wadda ake kira Prerunner, ka yi sadaka, domin shasinta kusan ɗaya ne da na mai ƙafa huɗu, aikin ya ragu sosai. In ka ga biyar, sake ƙirgawa. In har yanzu biyar ce, to gaban motarka gaba ɗaya daban aka ƙera shi, babu kunnuwan da aksul zai rataya a jiki, kuma wilinka duka har da na safaya sun zama murhun mai shayi.

Na uku shi ne haƙora, a nan kuma zan daɗe, don a nan na bar rabin lafiyata. A cikin kowane aksul akwai babban faifai mai haƙora da ɗan ƙaramin da ke juya shi. In ka raba haƙoran babban da na ƙaramin, lambar da ta fito ita ce ke faɗin sau nawa farfela za ta juya kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Haƙora 41 da 10 suna ba da 4.10. 43 da 10 suna ba da 4.30. 41 da 9 kuwa 4.56. Dole na gaba ya zo daidai da na baya. Ban ce kusa ba. In bayanka 4.10 ne ka sa 4.56 a gaba, ƙafafun baya za su riƙa gudu fiye da na gaba da kusan kashi goma sha ɗaya cikin ɗari, kamar ka ɗaure shanun huɗa biyu a karkiya guda, ɗaya yana sassarfa ɗaya yana tafiyar kiwo. A taɓo tayoyi za su zame su rufa maka asiri. Da ka hau busasshiyar ƙasa, wani ƙarfe a tsakiya zai sasanta rigimar da ransa, kuma mai tsadar ne yake fara sadaukarwa.

Mai sayar da kayan bai san lambar ba, bai kuma damu ya sani ba. "Na Hilux ne, Alhaji, duk ɗaya ne." Ba ɗaya ba ne. Ka tafi da alli a aljihu. Ka sa a buɗe maka aksul ɗin nan a ƙasa, ka naɗe hannun riga, ka shafa wa haƙori ɗaya alli, ka riƙa juyawa kana ƙirgawa da yatsa, tsohon man giya mai warin ruɓaɓɓen ƙwai yana gangaro maka zuwa gwiwar hannu. Daidai kana kan ashirin da bakwai wani zai yi maka sallama, kuma dole ka amsa. Ka koma kan allin ka faro daga ɗaya.

Tunda mun shigo kasuwa, bari in sauke abin da ke raina. Ko Ƙofar Ruwa ka je a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko ka aika Ladipo a Legas, kowane ƙarfe "ɗan Beljiyam" ne, jiya-jiya aka sauke shi daga kwantena, har da wanda gizo-gizo ya aurar da jikokinsa a ciki. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kuwa, dala ta zama uwar kowane farashi. Aksul ɗin da ruwan sama ke duka a bayan shago tun zamanin soja, shi ma da safe sai ya saurari farashin dala kafin ya yarda a taɓa shi. Abin da babu a shagon kuma ba a taɓa cewa babu. "Yana hanya." Wace hanya? Motar ta taso daga Legas, ta wuce Ilori, tana Jebba, ta lalace a Mokwa. Shaf ɗina na hagu ya fi ni sanin ƙasar nan. Da ya iso kuma, na dama ne.

Masu hankali za su ce maka kada ka sayi kayan ɗaiɗai, ka nemi mai ƙafa huɗu da ta yi hatsari ka saye ta sukutum, ka riƙa cira kana sawa, ta haka komai zai dace da ɗan'uwansa. Gaskiya suka faɗa. Illa dai ranar da janwe ya sauke ta a ƙofar gida, uwargida za ta leƙo ta dube ta, ta dubi wurin da taka ta saba tsayawa, ta ce, "Maigida, ita wannan ɗin me ya hana a gyara ta?" Ka tanadi amsa tun yanzu. In ka samu mai kyau ka aiko mini.

Na biyar, ko na huɗu ne, oho. Ka san tarihi kaɗan don ka san girman abin da ka ɗauko. Toyota ta fito da Hilux a 1968, amma mai ja da ƙafa huɗu ba ta fito ba sai 1979. Shekara goma sha ɗaya, da injiniyoyin Japan da kuɗin Japan. Fijo 504 da aka fara harhaɗa irinta a Kaduna tun shekarun 1970, wadda akori-kurarta ta kai buhun kowa kasuwa, ita ma akwai mai ƙafa huɗunta, amma wani kamfani ne na daban mai suna Dangel, a yankin Alsas na Faransa, ya ɗauki wannan aiki tun 1980, ya mayar da shi sana'arsa, da zane da awo da gwaji. Mu kuwa awonmu tsinken tsintsiya ne da aka karya daidai tsawon wurin, yaron shago ya sa a bayan kunne ya hau acaɓa.

Sauran ƙananan abubuwa ba sai na lissafa ba, za su zo su same ka da kansu. Za a huda bodi kusa da ƙafarka don sandar giya ta biyu, ramin kuma zai fi sandar faɗi, ta nan zafin inji da ƙurar hunturu za su riƙa shigo maka gaisuwa. Salansa za ta tare wa farfelar gaba hanya, kaskon baƙin mai zai yi karo da aksul. Agogon gudu zai mutu, don abin da ke ba shi labari ya koma jikin ogzilari. Wata fitila za ta kama a gaban sitiyari ta ƙi mutuwa, mai rewaya ya yi kwana yana binta, daga ƙarshe ya manna mata baƙin salatif ya ce an gyara.

Walda kam ba abin raha ba ce. A jikin kunnuwan nan da za a ƙera a liƙa wa shasi ne aksul da ƙafafun gaba za su rataya, a can sitiyari yake, a can mafi yawan birki yake. Mutumin da jiya ƙofar shago yake haɗawa, yau an kira shi da waya da janareta mai tari, yana ɗiga ƙarfe a wurin da ran iyalinka zai dogara a kai a gudun kilomita ɗari. Ka yi magana a ce ba ka yarda da ƙaddara ba. Wallahi na yarda da ƙaddara, shi ya sa ba na son a haɗa mini ita da hannu! Ka tsaya a kansu, a auna da ma'auni na gaskiya, in ba za a iya ba ka ɗauke motarka ko a kan tirela ne. Kuma duk wannan wahala saboda me? Saboda 'yar hanyar da ba ta kai tafiyar awa guda a ƙafa ba, wadda duk kakar zaɓe ake zuwa a auna ta, a kafa allo, a tafi.

In Allah ya sa an gama, kada ka sa ta a H4, wato giyar ƙafa huɗu, a kan kwalta don ka burge 'yan majalisa. Irin wannan ogzilari yana ɗaure gaba da baya ne tamau, a kwana kuwa ƙafafun gaba sun fi na baya yin tafiya, sai ƙarafa su murɗe. Tayoyi huɗun su zama girma ɗaya, ban da haɗin gambizar 'yan gwanjo. In hob ɗinka na murɗawa da hannu ne, ka kulle shi tun kana kan tudu, in ba haka ba za ka fito da farar shadda ka nemi makullin da lalube a cikin laka. Mai kuma za ta ƙara sha, ga nauyi ga ƙarin ƙarafan juyawa, kai ma ka san yadda gidan mai ya koma tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023. Ka kuma sani cewa in aksul ba mai kulle ba ne, ƙafar da ta fi samun santsi ita ke kwashe juyin. Wato a taɓo, motarka ta da, da ƙafa ɗaya take ja, sabuwar kuma biyu. Za ta kafe dai, amma can ciki, inda samarin turi za su ce sai dai tarakta.

Wani dattijon direba da ke zama a garejin ya ce da na zuba buhunan yashi a baya don ƙafafun su samu nauyi, na sa tayoyi masu manyan haƙora, na rage musu iska in zan shiga rairayi, na ajiye shebur da falanki biyu na katako, da rabin kafewar ba ta same ni ba. Na ce, "Baba, me ya sa ba ka faɗa ba tun farko?" Ya ce ai ya ga na riga na ba da kafin alƙalami.

Af, akwai wili biyar masu huji biyar, da giyabos lafiyayye, da doguwar farfela, da shaf na dama guda biyu, duk na sayarwa. 'Yan Beljiyam ne. Farashi sai na ji yadda dala ta kwana.