Loma Shida, Sai a Miƙo Mini Leda

Tun ranar da na bayyana cewa an yi mini tiyatar rage tumbi wasunku suka hana ni sakat. Wani ya aiko mini cewa ƙarya nake, tsadar masara ce ta ramar da ni na laƙaba wa likita. Wata baiwar Allah ta ce in koma gida a bincika, wannan rama ba ta Allah da Annabi ba ce. Wani Bazazzagi kuwa, wanda ban yi mamakinsa ba, cewa ya yi tunda Bakano ne ni, zama na yi na buga lissafin cefanen shekara goma, na ga yanke tumbin ya fi araha. Amma tuhumar da ta fi yawa ita ce wai an gan ni ranar Asabar a wani gidan abinci a titin Gidan Zoo, ga faranti a gabana, to in da gaske an yanke mini ciki me ya kai ni can?

Lallai an gan ni, ban musa ba. Sai dai ɗan rahoton naku bai tsaya ya ga ƙarshen wasan ba. Da ya ƙara minti ashirin da ya ga an tattare kusan duk abin da ke farantin an ɗaure mini a leda.

Bari in fara da masu cewa ba a yanke komai ba. Hausawa sun ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. To nawa an huda shi wuri biyar a wani asibiti a Alƙahira, sai ku yanke hukunci a kan gaskiyata. Ta waɗannan ƙananan ƙofofi likita ya zura kyamara da kayan aiki, ya cire wajen kashi 80 cikin 100 na tumbin, ya bar mini wani siriri mai siffar ayaba. A ɓangaren da aka cire ne jiki ke samar da mafi yawan sinadarin girelin, wanda shi ne ɗan aiken da ke rugawa ƙwaƙwalwa ya ce yunwa ta zo. Shi ya sa yanzu ƙamshin tsire kan doke ni in wuce abina, alhali da can sai na faka mota. Akwai wata irin tiyatar da ta girmi tawa, wadda ake ware ɗan aljihu kamar girman ƙwai a saman tumbi a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji. Wani likita mai suna Edward Mason ne ya fara ta a Jami'ar Iowa ta Amurka tun shekarun 1960. Saboda haka mai cewa sabon yayi ne na 'yan gayu, abin ya girme shi, wataƙila ya girmi babansa.

Makonni biyun farko romo na sha da ruwa-ruwa kamar jariri. Daga nan aka koma dame-dame, sai wajen mako na takwas aka ba ni izinin tauna abincin mutane. Ranar da na fara komawa gidan abincin da na saba, yaron da ke kawo mini abinci shekara da shekaru ya tarye ni da fara'a.

"Alhaji, sannu da zuwa, kwana biyu! Malmala uku kamar kullum, miyar taushe, a ƙara ganda?"

"A'a, ɗana. Farfesun kifi za ka kawo mini, rabin kwano."

Ya tsaya yana kallona kamar na yi masa Larabci. Ya leƙa bayana ko akwai wani Alhajin. Can ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ma sayar da rabi." Na ce to kawo cikakke, ka haɗo da robar tafiya da abinci tun yanzu. Wannan dabara ce da na koya: kafin in kai loma ta farko nakan raba abincin, in rufe kaso mafi yawa in ture gefe. Abin da ido bai gani a faranti ba hannu ba ya kai masa.

Me ya sa kifi? Domin ɗan wurin da ya rage ba na wasa ba ne, kuma an ɗora mini cin furotin giram 60 zuwa 80 a kullum don kada tsoka ta zube tare da kitsen. To doka ita ce nama ko kifi ko ƙwai ko wake su fara shiga, sannan ganye, in wuri ya ragu a leƙa tuwo. Wuri kuwa ba ya raguwa. Shinkafa da burodi da taliya su ne manyan abokan gabana, suna shiga su dunƙule su toshe hanya. Balangu in ya bushe sai na tauna yanka ɗaya har ya koma kamar kunu, abokaina sun gama nasu suna sakace ni ina kan yanka na uku. Alale da dambun kifi da farfesun kaza mai laushi, waɗannan mun shirya da su.

Abin da ya fi ba mutane haushi shi ne ruwa. A ƙasar Hausa ruwa ne farkon abin da ake tarar baƙo da shi, kuma ba a ajiye faranti babu gorar ruwa a gefe. Ni kuwa an hana ni haɗa ci da sha. Sai in dakata da ruwa kamar rabin awa kafin cin abinci, in kuma jira rabin awa bayansa, saboda ruwan yana cinye gurbin abinci, yana kuma tura shi hanji da wuri. Lemon kwalba mai gas an yi mini katanga da shi. Ranar nan wani dattijo a teburin kusa da ni ya ga ina cin farfesu mai yaji ba ruwa, tausayi ya kama shi, ya aiko mini da lemo mai sanyi a kan kuɗinsa. Na tashi na je na yi godiya har da rusunawa, na dawo na miƙa wa direbana.

Yanzu ga masu cewa na bi hanyar ragwaye. Ina ma kuna nan ranar da kwaɗayi ya kayar da ni. Wata na huɗu ke nan da tiyata, na ga jikina ya yi sauƙi, na ɗauka na fi ƙarfin doka. Aka kawo masa mai zafi an kwarara mata zuma, ga kunun aya mai sanyi wanda aka zuba wa suga ba tsoron Allah. Na ci masa ɗaya da rabi, na kora da kunun. Minti goma sha biyar ba su cika ba gumi ya keto mini har ya jiƙa hula. Zuciya ta riƙa bugawa kamar kalangu, jiri ya ɗebe ni, ciki ya fara ƙugi yana neman hanyar banɗaki. Abokina ya ɗauki takardar jerin abinci yana yi mini fifita yana salati, mai gidan abincin ta fito daga kicin da ludayi a hannu tana rantsuwa cewa zumarta ba gauraye. Ba laifinta ba ne. Zaƙi ne ya zarce hanji gaba ɗaya, jiki ya janyo ruwa zuwa can, shi ne wannan tashin hankali. Likitoci sun san abin sarai, ya fi kama waɗanda aka yi wa ɗan aljihun nan, amma mu ma masu ayaba ba mu tsira ba. Ban da wannan akwai hukuncin loma ɗaya da ta wuce ƙa'ida: sai ta tsaya a ƙirji kamar an ajiye dutse, yawu ya yi ta taruwa, ba ta gaba ba ta baya. Ga ƙwayoyin bitamin B12 da na ƙarin jini da na ƙashi da zan sha har iya rayuwa, ga gwajin jini a kai a kai, ga gashin da ya zube mini a watannin farko, duk da dai sanƙo ya riga likita fara wannan aikin. In wannan ce hanyar ragwaye, raggon ya sha wuya.

Kuma kada wani ya ɗauka an rufe ƙofar ƙiba da kwaɗo. Fura da nono mai suga da askirim ba sa neman izini, zurarewa suke yi, kuma wanda ya mayar da su abokan hira teɓarsa za ta dawo ta same shi inda ta bar shi.

A Amurka wasu asibitoci kan ba wanda aka yi wa tiyatar ɗan kati ya nuna a gidan abinci, a yarje masa ya sayi ƙaramin kaso ko abincin yara. Na yi tunanin ranar da zan zaro irin wannan kati a gaban Hajiya mai tuwo. Ko ta ɗauka jami'in duba-gari ne ya zo rufe mata shago, ko ta ce Alhaji ya karye yana bara da takarda. Abin da ya fi mini sauƙi shi ne gaskiya. Da ta zo ta tsaya a kaina ta ga tuwon ko ɓantararsa ban yi sosai ba, ta ce, "Alhaji, ko gishiri ne ya yi yawa? Faɗa mini, kada ka rufe ni." Na ce, "Hajiya, miyarki na nan yadda na san ta, ma'ajin ne aka rage." Ta yi shiru, ta ce Allah ya ƙara lafiya, tun daga ranar kuma ita da kanta take ɗaure mini sauran, har ta ƙara nama wai na yara.

Wuri ɗaya ne na yarda kun ci ni: otal ɗin nan na Abuja da ake biyan kuɗi ɗaya a ce ɗebi iya cikinka. Nan kam asara nake tafkawa, in biya kuɗin ƙato in ci abincin ɗan yaye, kuma ba a fita da leda. Shi ya sa ba na zuwa sai da Bazazzagin nan, shi yake rama mana, har ma'aikatan su fara kallon juna.

Mai shakka har yanzu, ina nan ranar Asabar bayan la'asar, teburin da ke kusa da taga. Ka zo ka ƙirga lomata da idonka. Kai za ka biya, ledar kuma tawa ce.